Ku Tambayi Anti: Wai da gaske akwai abincin da ke wanke jiki?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, maganar wankin jiki, ko ditoks kamar yadda ake kiransa a intanet, wannan na tambayar lemun tsami waccan na tambayar tafarnuwa, wata kuma ta riga ta sayi shayi ta fara sha sai da cikinta ya rikice ta rubuto hankalinta a tashe. Na zaɓo wasu daga ciki, na ɗan gajarta masu tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Anti barka da aiki. Dan Allah ki lissafo min abincin da ke wanke hanta da jini, kullum sai na ci karo da bidiyo ana cewa jikinmu cike yake da guba saboda maiƙo da kayan gwangwani, ni kuma ga yawan kasala ga ciwon kai, nace ko gubar ce ta taru min. Daga uwar yara uku.

Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara lafiya. Zan ba ki sunayen abincin amma ki ɗan yi min haƙuri mu fara da wanda ke yin wankin, don in ba ki san shi ba kowa ya zo da kwalbarsa sai ya ci kuɗinki.

Hantarki nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi ne, kuma a kowane minti ɗaya jini kimanin lita ɗaya da rabi ke ratsa ta, dare da rana ko kina barci. Duk abin da kika ci ko kika haɗiya, da zarar hanji ya tsotse shi to mafi yawansa hanta zai fara biyawa kafin ya zaga sauran jiki. In abu ne mai cutarwa aiki biyu take masa. Na farko wasu sinadarai da ake kira enzayim su farfasa shi su canza masa siffa, na biyu kuma ta ɗaura masa wani abu da zai sa ya iya narkewa a ruwa, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da take ɗaurawar shi ne gulutatayon wanda jiki da kansa ke haɗawa daga furotin ɗin da kika ci. Da ya narke shikenan ya zama kayan fitarwa, wani ya bi ruwan maɗaciya ya sauka hanji ya fita ta bayan gida, wani ya bi jini zuwa ƙoda. Su kuma ƙodoji kowace ɗaya tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, a rana suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki su bar lita ɗaya zuwa biyu kawai ya fita a matsayin fitsari. Ga huhu na fitar da gurɓatacciyar iska da kowane numfashi. Ikon Allah kenan, an halicce ki da injin wankinki a jiki kuma bai taɓa tsayawa jiran wani jus ba.

Toh ina abinci ya shigo? Abinci ba ya shiga hanta ya cuɗa ta kamar yadda soso ke cuɗa tukunya, wannan hoton ki cire shi a ranki. Abin da yake yi shi ne ba ma'aikatan nan kayan aiki. Furotin na ƙwai da kifi da wake da nama daidai gwargwado, don da shi ake haɗa gulutatayon ɗin da na faɗa. Kabeji da birokoli da danginsu, albasa da tafarnuwa, saboda sinadaran farar wuta da ke cikinsu. Abinci mai harza, wato faiba, irin su wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba da ganyaye da 'ya'yan itace da ake ci da ɓawonsu kamar tuffa, shi wannan aikinsa a hanji yake, yana riƙe wani sashe na abin da maɗaciya ta zubo ya fita da shi kuma yana hana bayan gida daɗewa a ciki. Sai ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, da giram 25 na faiba, gishiri kuma kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke ɓoye a cikin kayan ɗanɗano da na gwangwani.

Amma kasalar nan da ciwon kan su suka fi damuna a wasiƙarki. Mace mai yara uku da ke fama da gajiya kullum, abin da za a fara dubawa ƙarancin jini ne, sannan hawan jini, suga, da barcin da take samu. Dan Allah ki je a auna ki, gwaje-gwaje ne masu sauƙi, kar ki ɓata wata shida kina korar gubar da ba kowa ya gani ba alhali jininki ne ya yi ƙasa.

Anti ni kullum da safe kafin na ci komai ina matse lemun tsami biyu a ruwan ɗumi na sha, an ce yana kashe asid ɗin jini yana narkar da kitse. Na ci gaba? Daga wata ɗaliba.

Ƙanwata ki ci gaba in yana miki daɗi, amma ki san me kike samu. Kina samun ruwa da sassafe wanda abu ne mai kyau, kina samun bitamin C, kuma sinadarin sitiret da ke cikin lemun yana taimakawa wurin rage haɗuwar wani nau'in tsakuwar ƙoda. Maganar asid ɗin jini kam babu ita. Ma'aunin tsamin jini a tsare yake tsakanin 7.35 zuwa 7.45, huhu da ƙoda ke gadinsa, da a ce kofin lemo na iya gusar da shi ai da ba mu kai labari ba. Kitse ma ba ya narkewa da tsami, wanda ya ga ya rage ƙiba da wannan ɗabi'ar yawanci don ya maye gurbin shayi mai suga cokali uku ne da ruwan lemo.

Abin da nake ji miki shi ne haƙora. Lemo biyu kullum tsami ne mai yawa, a hankali yana cinye farin rufin haƙori kuma shi in ya tafi ba ya dawowa, sai ki fara jin tsirrr in kin sha ruwan sanyi. Ki mayar da shi rabin lemo a babban kofi, ki kurkure baki da ruwa zalla bayan kin sha, kar ki goge baki da buroshi sai bayan kamar rabin awa. In kina da olsa ko ƙwannafi kuma kin ga yana tayar miki, ki bar shi gaba ɗaya ba abin da kika rasa.

Malama na yi kwana bakwai ba na cin komai sai jus ɗin kokwamba da abarba da bitirut da alayyafo, kilo uku na sauke wallahi, amma sati biyu da na koma cin abinci sun dawo. Kuma a kwana na uku na ga fitsarina ya yi ja na tsorata. Daga wani ma'aikacin ofis.

Ɗan uwa jan fitsarin bitirut ne, launinsa ke fitowa a fitsarin wasu mutane har da bayan gida, in ka daina sha kwana ɗaya biyu zai washe. In bai washe ba to wannan maganar asibiti ce.

Kilo ukun kuwa yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka a wata siffa da ake kira gilaikojin, kimanin rabin kilo a jikin babba, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da ka daina cin abinci sai jiki ya fara cin wannan ajiyar, ruwan ya bi fitsari, hanji ma ya zama wayam, sai sikeli ya yi ƙasa ka ji daɗi. Ka dawo ci ajiya ta koma inda take. Abin takaicin ma a kwana bakwai ɗin nan ba ka ba jikinka furotin ba, wato hantar da kake son taimakawa ita ka hana kayan aiki, kuma jiki ya ɗan taɓa tsokarka don ya cike gurbi. Sannan in an tace jus an zubar da tuƙar to faibar aka zubar, an bar maka ruwan suga. Ga alayyafo da bitirut suna da sinadarin okzalet da yawa, likitoci sun rubuta labarin mutanen da ƙodarsu ta samu matsala bayan sun daɗe suna ɗirkar koren jus kofi-kofi, musamman waɗanda dama ƙodar na da rauni ba su sani ba.

A 2015 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Klein da Kiat, sun bi diddigin abin da aka rubuta kan irin waɗannan tsare-tsaren ditoks da ake sayarwa, ba su samu ko gwaji ɗaya ingantacce ba irin wanda ake raba mutane gida biyu a kwatanta. Ka ci kokwambarka da abarbarka da haƙori, tare da abinci, zai fi maka.

Anti na sayi wani shayin wankin ciki a intanet, in na sha da dare asuba na yi sai murɗa da gudawa, mai sayarwar ta ce dattin shekaru ne ke fita in daure. Yau sati uku kenan, yanzu in ban sha ba bana iya bayan gida. Anti ina tsoro. Daga amarya.

Ƙanwata ki daina shan shi, kuma ki ɗauki kwalin ki je da shi wurin likita ko mai ilimin haɗa magunguna ya karanta abin da ke ciki. Ki duba da kanki ma, sau da yawa za ki ga an rubuta senna, ganyen da wasu ke kira sanamaki. Maganin sa zawo ne sananne, asibiti ma na ba da shi ga mai taurin bayan gida amma na 'yan kwanaki, ba a son a wuce sati ba tare da likita ya sani ba. Yana tsikarar bangon hanji ne ya matsa da ƙarfi, abin da kike gani yana fita abincin jiya ne da ruwan jikinki da gishirin fotashiyam wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Babu wani dattin shekaru da ke manne a hanjin mai lafiya, rufin cikin hanji ma duk bayan 'yan kwanaki yake sabunta kansa.

Wannan tunanin na cewa kashi na ruɓewa a ciki yana sa wa jini guba tsoho ne, a farkon ƙarni na 20 har wani babban likitan tiyata a Landan mai suna Arbuthnot Lane ya riƙa yanke wa mutane babban hanji saboda shi, daga baya ilimi ya nuna ba haka abin yake ba aka watsar. Yau shi ne ya dawo cikin kwali mai hoton ganye.

Kuma ki sani gudawa na iya hana magani zama a jiki, wadda ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko wani magani na kullum zai iya wucewa bai yi aiki ba.

Ina da dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi. Wata 'yar uwata ta jini ta taɓa shan irin wannan haɗin na rage tumbi kusan wata biyu, ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar da na je gidanta tana zaune bakin gado ta ce min ita dai komai ta ci tashin zuciya, na ce ɗago ki kalle ni, na ja labulen taga haske ya shigo, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, tafin hannunta duk shaidar susa. A ƙarƙashin gadon na ga robar garin, ba suna ba adireshi ba jerin abin da ke ciki. Sati biyu ta yi a kwance a asibiti, Allah ya sa hantar ta farfaɗo. Irin wannan ya taɓa faruwa da yawa a Beljiyam a farkon shekarun 1990, mata sama da 100 da ke zuwa wani wurin rage ƙiba aka ba su haɗin ganye da wani tsiro mai suna aristolokiya ya shiga ciki, ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe. Ganye ne fa, daga ƙasa ya tsiro.

Hanjinki zai dawo daidai in sha Allah, amma zai ɗauki kwanaki, ki yawaita ruwa da wake da ganye da gwanda, ki riƙa ɗan tattaki, likita kuma zai iya ba ki wani mai laushi na wucin gadi.

Hajiya kin cika cewa babu hujja babu hujja. To wai duk cikin abincin nan babu wanda masana suka gwada suka ga yana fitar da guba da gaske? Daga wani malamin makaranta.

Malam akwai, kuma na ji daɗin tambayar nan don labarin yana burge ni. A 1992 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Paul Talalay da Yuesheng Zhang suka ciro wani sinadari daga birokoli mai suna salforafen, suka nuna yana zaburar da enzayim ɗin nan na mataki na biyu, masu ɗaura wa guba abin da zai sa ta narke. Bayan 'yan shekaru suka gano tsiron birokoli ɗan kwana uku ya fi babban ninkin ba ninkin wurin yawan tushen sinadarin. Daga nan aka kai gwajin yankin Qidong na ƙasar Sin inda iska ke da gurɓata sosai, aka ɗauki mutum 291 aka raba su biyu, wasu na shan abin sha mai garin tsiron wasu na shan wanda babu, har sati 12. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna masu shan na tsiron sun ƙara fitar da benzin ta fitsari da kashi 61 cikin ɗari, shi benzin sinadari ne da ke cikin hayaƙin mota da na taba kuma yana jawo kansar jini.

Ka ga wannan shi ake kira bincike, an ambaci gubar da sunanta, an auna ta a fitsari, an kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Duk da haka su masu binciken ba su ce ya hana kowa kamuwa da kansa ba, fitar sinadarin kawai suka auna, kuma adadin da aka ba mutanen a aune yake. Ka kwatanta da abin da wasu matasan masana a Ingila suka yi a 2009 ƙarƙashin ƙungiyar Sense About Science, suka tuntuɓi masu kayan ditoks guda 15 suka ce ku faɗa mana me kuke nufi da kalmar, ba a samu biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya miƙo maka abu ya ce yana fitar da guba, tambaye shi wace guba, sunanta, kuma a ina aka auna.

Ga amfanin da za ka ɗauka zuwa kicin. Kabeji da farin kabeji da birokoli duk dangi ɗaya ne, kuma salforafen ɗin ba ya samuwa sai an yanka ko an tauna, don abu biyu ne a ɗaki daban-daban cikin ganyen sai wuƙa ta fasa su haɗu. Zafi mai yawa na kashe ɗayan. To a yanka a bar shi ya ɗan huta kafin a ɗora, a turara shi sama-sama yana ɗan garas-garas, kar a dafa har ya yi laushi ya canza kala ya fara wannan warin. Tafarnuwa ma haka take, ɗauki ƙwaya ɗaya ka sansana ba ka jin komai sosai, danne ta da gefen wuƙa ta fashe sai ƙamshin ya bugi hancinka nan take, wannan wani sinadari ne mai suna alisin ya haɗu a lokacin, ka bar ta kamar minti goma kafin ta shiga wuta.

Wani abin da bincike da dama suka yi ta nunawa kuma shi ne kofi, masu shan sa daidai misali ana samun ƙarancin ciwon taurarewar hanta a cikinsu. Ba cewa na yi wanda ba ya sha ya fara ba, balle mai ciki ko mai bugun zuciya.

Ranki ya daɗe, shekaruna 61 ina shan maganin hawan jini da na kolestirol da kuma na tsinka jini. 'Yata ta aiko min da kafso na kurkum da masoro, da na koren shayi, ta ce in haɗa da ruwan garehul da safe don wanke hanta. Ya kika gani? Daga wani dattijo.

Baba Allah ya ƙara girma, Allah ya yi wa 'yarka albarka don niyyarta kyakkyawa ce, amma dan Allah kar ka fara ko ɗaya sai likitanka ya gani da idonsa.

Garehul, wannan babban ɗan itacen dangin lemo, shi ya fi ba ni tsoro. A 1989 wani mai bincike a Kanada, David Bailey, yana gwada wani maganin hawan jini mai suna felodifin, ya yi amfani da ruwan garehul don kawai ya ɓoye ɗanɗanon wani abu, sai ya ga maganin ya ninka a jinin mutanen. Ashe garehul yana kashe wani enzayim ne a hanji wanda aikinsa farfasa magani, sai ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko uku. Yanzu an san magunguna sama da 80 da yake yi wa haka, ciki har da wasu na kolestirol kamar simbastatin da wasu na hawan jini, kuma kofi ɗaya tasirinsa na iya wuce kwana guda don haka raba lokacin shan ba ya magance matsalar. Ka ga abin da ake sayarwa da sunan taimakon wanki shi ne ma yake tsayar da injin.

Kurkum na cikin girki lafiya lau, ci abinka. Na kafso daban ne, an tattara sinadarinsa da yawa sannan an sa na masoro don ya ƙara shiga jini, wani gwaji na 1998 ya nuna yana ninka shigarsa har sau 20. A Italiya a 2019 hukumomi sun tattara rahoton mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan irin wannan kafso. Kuma shi da tafarnuwa mai yawa suna iya ƙara tsinka jini a kan maganin da kake sha. Koren shayi ma haka, na kofi ba laifi ga yawancin mutane, amma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2018 wanda ke shan miligiram 800 ko fiye na babban sinadarinsa a rana ta hanyar kafso ana ganin alamun wahalar hanta a gwajin jininsa. Ka zuba su duka a leda ka tafi da su ranar ganin likita.

Anti gawayi fa? Na ga ana zuba baƙin gari a jus. Daga wata mai ɗinki.

Shi gawayin da aka sarrafa na asibiti ne, ana ba wanda ya haɗiyi guba ko ya sha magani fiye da kima, yawanci cikin awa ɗaya, don ya kama abin tun yana ciki bai shiga jini ba. Ba ya shiga jini ya zaƙulo komai, kuma ba ya tantance mai kyau da mugu, maganinki ma kamawa zai yi. Ki bar shi 'yar uwa. Haka abin mannawa a tafin ƙafa da ke wayar gari ya yi baƙi, danshi ne ke canza masa kala, ɗiga masa ruwan famfo ki gani. Masu cewa gumi na fitar da guba kuma su sani kusan kashi 99 cikin ɗari nasa ruwa ne, aikinsa sanyaya jiki.

Anti mahaifiyata an ce ƙodarta ta fara rauni, mutane na ta ba mu shawara mu riƙa ba ta ruwa da yawa da jus ɗin ayaba da lemo da ruwan kwakwa don ƙodar ta wanku. Daga ɗanta.

Allah ya ba Mama lafiya, ya saka maka da alheri. Ɗan uwa a nan shawarar da ke amfanar mai lafiya tana iya kashe mara lafiya, ba ƙari na yi ba. Ayaba da lemon zaƙi da ruwan kwakwa da tumatir da afokado cike suke da fotashiyam, ƙoda mai lafiya tana zubar da rarar ba wahala, mai rauni kuwa tana iya kasawa sai ya taru a jini ya rikita bugun zuciya ba tare da wata alama ba. Ruwa ma in ƙodar ba ta iya fitarwa ƙafa zai taru da huhu. Ko mai lafiya ƙodarsa ba ta iya fitar da fiye da kusan lita ɗaya a awa, shi ya sa masu gasar ɗirkar ruwa ke faɗuwa, ga mai lafiya fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske ya isa.

Ka tambayi likitanta abu uku ka rubuta a takarda, kofi nawa na ruwa a rana, nawa fotashiyam ɗinta yake a gwajin ƙarshe, da waɗanne magungunan ciwon jiki za ta guje wa, don irin su ibufurofen da dikulofenak suna ƙara wa ƙoda rauni. Duk wani haɗin ganye a ajiye. Wankin jini na gaskiya shi ne wanda na'ura ke yi, awa huɗu sau uku a sati, kuma duk ƙoƙarin da ake yanzu don kar Mama ta kai can ne, ta hanyar riƙe hawan jini da suga da rage gishiri.

Anti in mutum ba shi da kuɗin birokoli da su kafso, me zai yi wa hantarsa? Daga wani matashi mai sana'ar hannu.

Ƙanena abin da ya fi yi mata amfani ma ba saye ake ba, ragewa ake. Giya da taba ka san matsayinsu. Farasitamol kar babba ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya takwas na miligiram 500, kuma ka duba maganin mura da kake haɗawa da shi don sau da yawa akwai shi a ciki, in ya yi yawa gulutatayon ɗin hanta yake ƙararwa sai ya fara cin ta, maganin da asibiti ke bayarwa ma aikinsa mayar da wannan gulutatayon ne. Lemon kwalba da yawan zaƙi suna tara wa hanta kitse, mai wannan matsalar in ya sauke kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa ana ganin canji sosai. Ka je a gwada ka ciwon hanta nau'in B, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022 kuma mafi yawansu ba su sani ba, in ba ka da shi akwai rigakafi, in kana da shi akwai maganin da ke danne shi, babu jus ɗin da zai yi maka wannan.

Sai hatsi da gyaɗa masu fumfuna. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka gano garin gyaɗar da aka ba su ne ke ɗauke da wata guba da fumfuna ke haifarwa, aka sa mata suna afalatoksin. Tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta gaba ɗaya. Masara da gyaɗa da aka adana da danshi su ta fi kamawa. In za ka ci gyaɗa zuba ta a faranti a wuri mai haske ka tsince, duk wadda ta yamushe ko ta canza kala ko ta fashe ta yi kore-kore a ciki ka jefar, kar ka ba kaji ma, wadda kuma ka tauna ka ji ɗaci tofar da ita ka kurkure baki. Kabeji da albasa da wake kuma su tsaya maka a madadin birokolin.